Cinikin Waya: Kaya Kike Sayarwa Ko Maganarki?

Godiya ta tabbata ga Allah (S.W.T.) wanda Ya halatta ciniki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (S.A.W.).

'Yar'uwa, a da idan matar aure ta yi ƙosai ko ta saro zannuwa, sai ta ɗora wa 'yarta talla ko ta jira dillaliya. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, WhatsApp ya kawo sitatus a 2017, sannan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa har tsofaffinmu karɓar taransifa. Yau mace tana zaune a ɗakinta a Zariya ta sayar wa wata da ke Jos atamfa, direba ya kai mata tasha, yarinyar da za ta yi talla kuma tana aji. Wannan ni'ima ce babba. To amma akwai tambayar da ya kamata duk mai wannan sana'a ta tsaya ta yi wa kanta: wadda ta turo miki kuɗi, me ta saya?

Idan kin shiga Kantin Kwari, ai sai kin taɓa atamfa, kin murza ta, kin ɗaga ta a haske kafin ki taya. Mai sayen turaren wuta sai an turara mata ta ji ƙamshi. Amma kwastomarki ta waya ba ta taɓa ba, ba ta sansana ba. Hoto ta gani, sai kuma abin da kika faɗa mata. Ke nan a lokacin da alat ya shigo wayarki, maganarki ta saya, kayan daga baya za su biyo.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce ta wurin wani tulin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzo ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sannan ya barranta daga duk mai algus. Ki lura da kyau: ruwayar ba ta ce mutumin ya furta ƙarya ba. Ya dai bar mai kyau a sama, mai danshi a ƙasa. Hotonki shi ne saman tulin nan. Idan kin ƙara wa leshi haske har kalarsa ta canza, ko kin juya jaka ta gefen da ba a ganin ɗinkin da ya warware, kin tura jiƙaƙƙen ƙasa, ita kuwa mai sayen ba ta da hannun da za ta cusa.

Kada ki ɗauka malamanmu ba su san irin wannan cinikin ba. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, wadda muke karantawa a Islamiyya, ta halatta sayar da abin da ba ya wurin idan an siffanta shi, har ma da sayen kayan da ke ɗaure cikin dila bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Halaccin ya rataya ne a kan siffantawar. A babin ciniki ɗin kuma an hana ɓoye aibi, da cakuɗa mai kyau da mara kyau, da yin shiru a kan duk abin da in mai saye ya sani zai fasa ko ya rage kuɗi. Ma'aunin ke nan, kuma mai sauƙin riƙewa ne: abin da kika san in kin faɗa za ta fasa, shi ne ya fi wajaba ki faɗa.

Na san wata za ta ce, "Malama, yo ai kowa haka yake yi. In na ce atamfar nan tana zuba a wankin farko, wa zai saya? Ga kuɗin makarantar yara, ga cefane, maigida kuma abin ya yi masa yawa." Wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma ba zan ce miki gaskiya ba ta da tsada ba. Wallahi wata rana za ki faɗi aibin kaya a fasa saye, ki ga an je an saya wurin wadda ta yi shiru. Sai dai ki auna abu biyu. Na farko, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Hakim bin Hizam (R.A.) cewa mai saye da mai sayarwa idan sun yi gaskiya sun bayyana ana sanya albarka a cinikinsu, idan kuwa sun ɓoye sun yi ƙarya ana shafe ta. Kuɗin nan fa cikin 'ya'yanki zai shiga. Na biyu, ramin ƙarya ƙurarre ne, a waya ma ya fi ƙurewa. Kwastoma ɗaya da ta buɗe leda ta ga ba haka ba, kafin magariba ƙawayenta da danginta sun ga hoton. Wadda kika gaya wa gaskiya ta fasa kuwa, ita ce za ta dawo ranar da take haɗa kayan lefe, don ta san bakinki.

Akwai kuma masu ɗaukar hoto a shagon wani su ɗora kamar nasu ne, sai an biya su ruga kasuwa, wataƙila a tarar ya ƙare a aika mai kama da shi. Shi dai wannan sahabi Hakim ya tambayi Manzo (S.A.W.) a kan sayar da abin da ba ya hannunsa, aka hana shi. Mafita tana nan: ki faɗa a fili cewa kayan ba naki ba ne, za ki sayo mata ne da ladanki kaza, in ba a samu ba kuɗinta na nan. Kin ga kin zama wakiliya, ladanki halal ne. Kuɗin da ta turo kuma amana ne har kaya su isa. Ba na zubin adashe ba ne, ba na ankon biki ba ne.

Gaskiyar nan ba ga kwastoma kaɗai ta tsaya ba, har da kanki. Sau nawa mace take ganin kuɗi na shigowa ta ɗauka riba ce, sai bayan wata shida ta tarar uwar kuɗin ta narke a data da kuɗin mota da bashin 'yan'uwa? Ki sayi littafi ki rubuta: nawa kika saro, nawa kika kashe kafin kaya su isa, nawa ya rage, wa kike bi, wa ke bin ki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Wadda ta saba fuskantar lissafinta ba ta cika buƙatar ɓoye wa wani komai ba, domin yawancin algus daga tsoron asara yake fitowa, tsoron kuma daga rashin sanin inda aka tsaya.

To mene ne ci gaban 'yar kasuwa? Mun saba auna shi da yawan mabiya da yawan oda. Waɗannan suna da daɗi, amma ana iya tara su alhali mutum yana ƙanƙancewa. Alamar kin girma ita ce yau kina iya abin da bara ya gagare ki: ki ce "ba ni da shi" ba tare da kin lauya magana ba, ki mayar da kuɗi ranki bai ɓaci ba, ki amsa wa mai ƙorafi da ladabi maimakon ki toshe lambarta, ki kife waya idan lokacin salla ko haƙƙin maigida da yara ya yi. Ki tuna Nana Khadija (R.A.), attajira ce mai aika fatauci Sham, kuma labarin gaskiya da amana ne ya sa ta damƙa dukiyarta ga Manzo (S.A.W.) tun kafin annabci.

Saboda haka 'yar'uwa, kafin ki ɗora hoto na gaba, ki ajiye kayan kusa da wayar ki dubi su biyun. Idan ke ce kika biya kuɗinki saboda wannan hoton aka kawo miki wannan kayan, za ki yi godiya ko za ki yi Allah Ya isa? Amsar da zuciyarki ta ba ki, ki yi aiki da ita.

Allah Ya sanya albarka a nemanmu, Ya tsare mu da ciyar da iyalanmu haram. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.