Gani Ya Kori Ji? Haƙƙin Makaho a Gidan da Aka Gina da Haruffa

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a wurin shaida gaban alƙali ko a wurin ciniki maganar tana kan hanya. Sai dai karin magana yakan wuce wurin da aka yi shi dominsa, ya zama doka a inda ba a kira shi ba. Shafukan intanet da ma'aikatu da makarantu da ƙungiyoyi ke buɗewa, daga Yamai har Agadas, galibinsu a kan wannan karin maganar aka gina su, ko da masu ginin ba su taɓa furta shi ba. An ƙawata su domin ido, an gwada su da ido, wanda ya biya kuɗin aikin ma da ido ya karɓa. Tambayar da ta rage ita ce: mutumin da ji ne ganinsa, idan ya zo bakin wannan gida ya tarar ba ƙofa, an zalunce shi ne, ko kuwa rashin sa'a ce kawai ta same shi?

Kafin a taɓa tambayar, ya kamata a san yadda makaho ke karanta shafi. Kowane shafi fuska biyu gare shi. Akwai wadda mai ido ke kallo a allon kwamfuta ko na salula, akwai kuma rubutun umarni da ke ƙarƙashi, wanda masu sana'ar ke kira kod, shi ne ke faɗa wa na'ura cewa wannan kanu ne, wannan hoto ne, wancan gurbi ne na rubuta suna. Makaho yana amfani da manhaja mai karanta allo, wadda ke bin wannan rubutu na ƙarƙashi tana furta shi da murya, ko ta mayar da shi ɗige-ɗigen rubutun Braille a ƙarƙashin yatsunsa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji da suka fi yaɗuwa, NVDA, makafi biyu ne ƴan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka raine ta tun daga 2006, kuma kyauta ake ɗaukarta. Manhajar ba ta da masaniya kan kyan shafi. Abin da maginin ya rubuta a ɓoye shi kaɗai take faɗa. In ya saka hoto bai rubuta bayaninsa a gurbin da aka tanada ba, sai ta ce “hoto” ta wuce, ko ta karanto sunan fayil mai tarin lambobi. In ya yi maɓallin aikawa da zanen kibiya bai raɗa masa suna ba, makaho zai ji “maɓalli”, bai san ko na aikawa ne ko na gogewa ba.

Binciken shafi, wato duba rubutun umarninsa don a ga ko naƙasasshe zai iya shiga, aiki ne na bin irin waɗannan ƙananan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai binciken yakan ajiye linzamin kwamfuta gefe, ya gwada zagaya shafin da maɓallan rubutu kaɗai, kamar yadda makaho ko wanda hannunsa ke rawa zai yi. Yakan auna ko launin rubutu ya fita sosai daga launin bango. Yakan duba ko bidiyo na da rubutaccen bayani domin kurma, ko kuma an tsare ƙofa da gwajin nan na karkatattun haruffa da ake cewa mutum ya kwafa don ya tabbatar shi ba na'ura ba ne, gwajin da a wurinsa makaho ke faɗuwa jarrabawar zama ɗan Adam. Ƙa'idojin da ake bi sanannu ne: ƙungiyar W3C ta fitar da su da sunan WCAG a 1999, ta sabunta su a 2008, da 2018, da 2023, har ta ƙayyade cewa bambancin haske tsakanin ƙananan haruffa da bango kada ya gaza 4.5 bisa 1. Duk da haka, cibiyar WebAIM ta Amurka, wadda tun 2019 take auna shafukan farko na gidajen intanet miliyan ɗaya da aka fi ziyarta, ta samu kurakurai a kusan kashi 96 cikin ɗari nasu a 2024. Ke nan ciwon bai tsaya ga matalautan ƙasashe ba.

To, laifi ne? Hujjar farko da mai ginin shafi zai kawo ita ce bai yi niyyar korar kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya zauna ya ƙulla cewa makaho ba zai nemi aiki ko gurbin karatu ta wannan shafi ba, mantuwa ce. Amma mutanen Agadas, waɗanda suka gaji ginin ƙasa kaka da kakanni, sun san cewa akwai mantuwar da ba a yafe wa mai sana'a. Maginin da ya manta bai fitar da indararo ba, ruwa ya kwanta a kan soro har azara ta ruɓe, ba zai tsira a gaban mai gida da cewa bai yi nufin rushe ɗakin ba. An ɗauke shi aiki ne domin ya tuna abin da mai gida bai san ana tunawa ba. Ma'anar amanar sana'a ke nan, kuma ta fi nauyi a wurin da ido bai kai ba, cikin bango ko ƙarƙashin shafi, domin a nan ne ha'inci ba ya da mai kama shi. Niyya tana rage nauyin zargi a kan mutum, amma ba ta ɗauke cutar daga kan wanda aka cuta. Kuma daga ranar da aka gaya wa magini cewa ga waɗanda gininsa ya tsare, ya ci gaba da yi kamar da, sunan abin ya tashi daga mantuwa.

Akwai wata hujja da ta fi wannan zurfi, ba a cika faɗinta a fili ba, ita ce cewa ai makaho ba ya rasa mai taimakonsa. Al'ummar Hausa ba ta yar da makafinta ba. Ta ba su unguwa, ta ba su sarauta, har yau akwai Sarkin Makafi a Kano da wasu birane. Ta ba su ranar Juma'a da ƙofar masallaci, ta kuma ba su ɗan jagora. Tsari ne na tausayi, kuma ya ciyar da mutane da yawa a shekarun da ba wata hukuma da ta san da su. Sai dai tsari ne da ya ajiye makaho a matsayin mai karɓa har abada, ya kuma ɗaure yaron da ke riƙe masa sanda, wanda sau da yawa zaman aji ke wuce shi. Shafin da makaho ba zai iya cikawa da kansa ba yana sake ɗora masa ɗan jagora a daidai wurin da na'ura ta riga ta ƴanta shi. Kuma jagorancin titi daban yake da jagorancin takarda. Wanda ya ja mutum zuwa kasuwa hanya kaɗai ya sani. Wanda ya cika masa takardar banki ko ta asibiti ya san abin da ke asusunsa, ya san cutar da ke jikinsa, ya riƙe kalmar sirrinsa. Bahaushe na roƙon Allah rufin asiri fiye da yadda yake roƙon dukiya. Magidanci mai shekara hamsin da sai ya kira ɗan maƙwabci ya karanta masa sakamakon gwajin jininsa, an biya masa buƙata, amma an yaye masa sutura, kuma mai taimakon ba shi da laifi a ciki. Laifin yana can wurin wanda ya bar gurbi babu suna.

Doka ta riga ta zaɓi ɓangare a wannan gardama. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita a Disamba 2006, Nijar ta rattaba mata hannun tabbatarwa a 2008, kuma aya ta 9 ta ambaci hanyoyin sadarwa na zamani, har da intanet, a cikin abubuwan da wajibi ne a buɗe musu. A cikin gida akwai dokar 1993 kan kare naƙasassu, da wadda ta biyo ta a Disamba 2019. Tun kafin wannan, a shekarar 1999, wani makaho mai suna Bruce Maguire ya yi ƙarar masu shirya wasannin Olamfik na birnin Sidni saboda shafinsu ba ya karantuwa. Suka ce gyaran zai yi musu wahala da tsada, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ƙi karɓar uzurin, aka ci su diyyar dalar Ostireliya 20,000. Amma takardar doka ba ta hawa bango ta yi yaɓe.

Mai hankali zai iya cewa: a jihar da wuta ke ɗaukewa, layin sadarwa ke yankewa da zarar an bar gari, makaranta ta makafi kuma sai an nufi wurare irin su makarantar Soli Abdurahaman ta Yamai, maganar bayanin hoto a shafin intanet ba ta zama kwalliya a kan yunwa ba? Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma bai kamata a raina shi ba. Amsar da aka saba bayarwa ita ce gyaran yana amfanar kowa: bayanin hoto shi ke fitowa idan layi ya yi rauni hoton ya ƙi buɗewa, rubutu mai fita sosai shi ake iya karantawa a ƙarƙashin ranar Abzin, shafi marar nauyi shi ke cin kuɗi kaɗan. Ana ƙarawa da cewa lafiya aro ce, kuma yankin da ya ga nakiyoyin tawayen 2007 zuwa 2009, da ramukan zinariyar Jado, da haɗurran hanyar hamada, ya san yadda mai ƙafa biyu ke wayar gari da ɗaya. Duk wannan haka ne. Amma hujja ce mai rauni idan ita kaɗai aka dogara da ita, domin tana nufin haƙƙin makaho ya tsaya ne a kan ribar mai ido, ranar da ribar ta ƙare haƙƙin ya faɗi. Da a ce gyaran ba zai amfani kowa ba sai ɗalibi guda a Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, da har yanzu bashi ne a wuyan wanda ya gina shafin da kuɗin jama'a, tunda ɗalibin yana cikin jama'ar.

Tsohon birnin Agadas kansa yana taimakawa wajen rarrabe uzuri na gaskiya da na ƙarya. Hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sake ta a 1844, matakalarta ƙunci gare ta, gurgu ba zai hau ba. Tun da UNESCO ta sanya birnin cikin kayan tarihin duniya a 2013, ba a rushe bango ko faɗaɗa lungu yadda aka ga dama. A nan haƙƙi biyu ne suka yi karo, na mai keken guragu da na tarihi, kuma duk wanda ya ce sasanta su abu ne mai sauƙi bai taɓa tura keke cikin rairayi ba. Shafin intanet ba shi da wannan uzuri ko kaɗan. Ba shi da bangon da kakanni suka ɗora, ba a jiran rani kafin a taɓa shi, kuma yawancin kurakuransa layi ɗaya ne na rubutu. Akwai ma abin lura a jikin hasumiyar: itatuwan nan da suka leƙo daga bangonta suna riƙe ginin, suna kuma zama matakin masu yaɓe. Waɗanda suka gina ta sun san gini ba ya ƙarewa, sai suka bar wa mai gyara wurin sa ƙafa. Shafi ma haka yake lalacewa. Wanda aka bincika bara, sanarwa guda da aka ɗora yau a matsayin hoton takarda ta isa ta toshe shi.

Wannan batu na hoton takarda ya shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu kai tsaye, domin su ne ke ɗora adabi. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma makafi na cikin waɗanda suka yaɗa Imfiraji da bakinsu daga gari zuwa gari. Idan ƙungiya ta ɗauki hoton shafukan irin wannan littafi ta ɗora ba tare da ta mayar da su rubutu ba, ta adana waƙar makaho a sigar da makaho kaɗai ne ba zai iya karantawa ba. Haka kuma haruffa masu ƙugiya. A shekarun da ake amfani da keɓaɓɓun zanen haruffa, ana aron gurbin wata alama a ɗora mata siffar ƙ ko ɗ, ido na ganin daidai, na'ura kuwa na karanta alamar asali. Tsarin Unicode ya ba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ gurabensu, ya kuma karɓi Tifinag na Abzinawa a 2005. Sannan akwai ɗan layin da ke shaida wa na'ura harshen shafi. Mujalla mai harshe biyu da ba ta sa shi a kowane sashe ba, Hausarta da lafazin Faransanci za a furta wa makaho ita, ko Faransancinta da na Ingilishi.

Akwai manhajojin da ke yin binciken da kansu cikin daƙiƙa kaɗan, kuma suna da amfani, sai dai iyakarsu a fili take. Za su iya cewa hoto na da bayani, ba za su iya cewa bayanin ya isar ba. Wanda ya rubuta “hoto” a ƙarƙashin taswirar rumfunan jarrabawa ya tsallake na'ura, ɗalibin kuwa bai san ɗakin da zai zauna ba. Saboda haka hukuncin ƙarshe yana hannun wanda abin ya shafa. Ƙungiyoyin makafi da na kurame, da tarayyar naƙasassu ta ƙasa, suna da mutanen da suka iya waɗannan na'urori fiye da yawancin masu gina shafuka. Wurinsu a cikin kwangila yake, kafin a karɓi aiki a biya, a zaunar da makaho gaban shafin ba tare da kowa ya taɓa masa maɓalli ba, a ce ya nemo sanarwa, ya cika takarda, ya aika, sannan a biya shi ladan gwajin kamar yadda ake biyan injiniyan da ya zo duba gini.