Aikin da ƙasa ta rufe

A shekarar 2016, ma'aikatan da ke haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa a birnin Rum na Italiya suka ci karo da wata tsohuwar hanyar ruwa, ginin dutse, mai shekaru wajen 2,300. Abin da ya bayyana tsawonsa mita 32 ne. An tarar da duwatsun a jere, amma babu sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka sassaƙa su. Shin wane hakki ne irin wannan aiki, da ba mai gani balle ya yaba, yake da shi a kan na baya?

Gari ba ya rayuwa da abin da ido ke gani kaɗai. Kangon Jado, can arewacin Kawar a jihar Agadas, ya isa shaida. Gine-ginensa na laka da dutse suna nan tsaye bisa tsauni, dabino kewaye da su, amma ba kowa ciki. Cikin dalilan da ake bayarwa na watsewarsa, ban da farmakin mahara, akwai ruwan da ke kwance a gindin garin, da sauro da zazzaɓin da yake haifarwa. Ganuwa ta tare maƙiyi, ba ta tare sauro ba.

Mutanen Kano na dā sun bar wa ruwa masaukinsa. Ramukan da suka haƙi ƙasar gini su ne suka zama kududdufai masu karɓar ruwan damina. Da aka cike da yawansu, aka yanka filaye, aka gina shaguna, sai ruwa ya nemi masauki a ɗakunan mutane. Wanda ya cike ya ci riba shi ɗaya, na gangare ke biya.

Wani zai ce masu haƙar Rum watakila bayi ne, tilas ce ta sa su, ba kirki ba. Ko da haka ne, bashin ƙaruwa ya yi, domin sun yi gumi ba lada ba suna. Malamai na lissafa haƙa rijiya da buɗe hanyar ruwa cikin sadaka mai gudana. To, wanda ya toshe ta fa?

Duk maginin da ya tarar da tsohuwar magudana a gindin harsashinsa amana ya tarar. Mai ita ba ya nan ya yi ƙara, wanda za ta cece shi kuwa ba a haife shi ba tukuna. A nan ake gane halin mutum.