Haƙuri Da Gyaran Lissafin Bashi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya 'yan'uwa, idan banki ya sayar da gidan da aka jinginar masa, sa'an nan ya yi kuskuren lissafi, shin haƙuri shi ne mai gida ya yi shiru?

A Amurka, cikin 2010, an gano ma'aikatan bankuna suna sa hannu a takardun ƙwace gidaje ba su karanta ba, har a 2012 manyan bankuna 5 suka yarda da sulhu na dala biliyan 25. A can kuma hukumar haraji tana iya ɗaukar bashin da aka yafe tamkar kuɗin da mutum ya samu. Banki ya rubuta adadi ba daidai ba, sai a bi wanda ya rasa muhalli harajin da bai hau kansa ba.

Haramcin riba sananne ne, amma bai halatta ƙarya cikin lissafi ba. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umurni da rubuta bashi bisa adalci. To, mai gida ya haƙura da ƙaddara, amma ya adana rasit, ya rubuta a gyara. In kuwa kuskuren shi ya amfana, lalle ya faɗa, domin amana ce.

Allah ya sa mu dace, amin.