Hoton Ruwa da Haƙƙin Wanda Ke Bakinsa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ƙasar duwatsu ce, ba ta da ruwa mai zubowa daga kan tsauni irin na Gurara ko Matsirga. Abin kallonta shi ne madatsar Zobe, wadda aka gama ginawa a kan kogin Karaduwa a 1983.

To, a ƙaddara wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya je can da wayarsa. Shin ya yi laifi in ya ɗauki hoto? Malamai sun yi saɓani a kan surar mai rai, amma ban da ruwa da itace, domin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya shawarci wani mai zane da ya koma ga bishiyoyi da abin da ba shi da rai.

Sai dai bakin ruwa ba kufai ba ne. Ga masunci ya tuɓe riga, ga mace tana wanki da ɗaurin ƙirji. Wani zai ce ai fili ne na kowa, duk mai wucewa yana ganinsu. Wannan hujja gurguwa ce. Shari'a ta wajabta neman izini ne saboda gani, kuma idon mai wucewa yana mantuwa, waya kuwa ba ta yi. Matar nan ta saki jiki ne gaban 'yan ƙauyensu, ba ta san gobe baƙi za su dube ta a Facebook ba, har maganar ta kai kunnen mijinta.