Wa ke biyan kuɗin kunyarka?

Duk farkon shekarar karatu sai an ga wasu fuskoki a Jami'ar André Salifou waɗanda ba bana suka ci bak ba. Wani daga Yamai ya dawo, wata daga makarantar kuɗi, wasu kuma yaƙin Sudan na 2023 ne ya koro su daga Khartum. Na Khartum jaje ake yi musu. Sauran kuwa sai a bi su da kallo, ana cewa "ai kasawa ya yi". Shin wanda ya bar jami'a mai tsada ya koma mai araha, burinsa ya ci wa amana, ko kuwa wani hakki ya sauke?

A jami'ar gwamnati ba kuɗin rajista ke karya mutum ba. Haya ce, da abinci, da kabu-kabu, da fotokwafi, da kuɗin mota na kilomita wajen 900 tsakanin Yamai da Damagaram duk lokacin hutu. Kuɗin burs kuwa, ga wanda ya samu, kowa ya san irin jiran da ake yi masa. Ɗan Birni ko Zango da ke karatu a nan, tuwon gidansu yake ci, a ɗakinsu yake kwana.

To, waɗannan jikkunan daga ina suke fitowa? Daga akuyar inna da aka kai kasuwar Mirriya. Daga rumbun baba da aka buɗe tun kafin bazara. Wani lokaci ma daga ƙanwarka da aka ce ta dakata da lakwal "har yayanta ya ƙare". Kuma ga abin da ya fi damuna: iyayenmu ba za su taɓa buɗe baki su ce maka sun gaza ba. Ka kira waya, a ce "lafiya lau, kai dai ka yi karatu", alhali bashi aka ciwo. Kara ce suke yi maka. Tun da su kunya ta ɗaure musu baki, ni a ganina kai ne ya wajaba ka yi lissafin, kai ne kuma za ka fara furta maganar dawowa. Wanda ya san halin gidansu amma ya yi shiru don kada abokai su yi masa dariya, kunyarsa ce yake sa wasu su biya.

Wannan raina na gida ma yana da tarihi. Damagaram ce babban birnin Nijar a zamanin Nasara, har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Tun daga nan muka riƙa ganin duk abin kirki yamma yake. Jami'ar Yamai ta girmi tamu da kusan shekara 40, babu musu. Amma kakanninmu da suka tafi gabas neman Alƙur'ani, daga wannan malam suke tashi su koma wancan, inda hatsi ya yi kyau nan ake yada zango. Ba a tambayar gardi a garin da ya zauna, allonsa ake dubawa.

Sai dai ban ce kowa ya naɗe tabarmarsa ba. Akwai arahar da ta fi tsada tsada. A tsarin LMD lisans shekara 3 ce, kiredi 180, wato 30 kowane zango. In sabuwar jami'ar ba ta karɓi kiredinka duka ba, aka mayar da kai baya da shekara guda, to shekarar nan ma wani ne zai ciyar da kai. In kuma fannin da kake karantawa babu shi a nan, ka sauya zuwa wanda ba ka so don kawai ya fi sauƙi, akuyoyin da aka riga aka sayar sun tafi a banza ke nan. Wanda ya rage masa zango biyu ya ƙare, ni dai sai in ce ya daure.

Don haka kafin ka yanke shawara, ke ma haka ƴar'uwa, a karɓo takardar sakamako, a kai wa shugaban sashen da ake son shiga, a ji kiredi nawa za su amsa, kuma a rubuce. Sannan a zauna da baba da inna da alƙaluman a hannu. In baba ya ce "ba komai", a sami inna ita kaɗai bayan sallar lisha a tambaye ta awaki nawa suka rage a garke.