Dillalin da Bai Sani Ba

Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, kamfanin WACOT kuma ya buɗe katafaren injin sarrafa shinkafa a Argungu cikin Agustan 2017, ƙarfe ya yawaita a fadamar Rima. Ga injinan ban ruwa, ga na casa, ga na niƙa, ga taraktoci. Kowannensu yana cin ƙarfe kamar yadda yake shan mai. Sandar da ke juya farfelar famfo ta side, mazaunin boris ya buɗe, kuma yawanci ana tsakiyar noman rani, lokacin da kwana uku babu ruwa kan iya ƙona gona. Sau da yawa sai an aika Sakkwato ko Kano a sassaƙo wani.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne matashin da ya gama kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru ya fara lissafin buɗe shago a Ambursa, a bakin titin da ya haɗa Birnin Kebbi da Argungu, ya kafa injin sassaƙa ƙarfe mai kwamfuta, wanda aka fi sani da CNC. Injin yana riƙe sandar ƙarfe yana juya ta, wuƙar yanka tana bin umarnin da aka rubuta mata, ta fitar da guda 200 iri ɗaya, bambancin tsakaninsu bai wuce milimita 0.01 ba. An fara nuna injin da lambobi ke sarrafawa a jami'ar MIT ta Amurka a 1952, kuma yau kamfanoni irin su Mazak da Okuma na Japan da Haas na Amurka sun cika duniya da shi. Sabo dai ya fi ƙarfin ƙaramin shago. Abin da hannu zai kai shi ne na hannu: wanda ya yi shekara 15 ko 20 yana aiki a wata masana'anta a Jamus ko Ingila, ya sauka a tashar Apapa ta Legas, ko wanda aka kwance daga wani kamfani da ya rufe a Sharaɗa ko Bompai a Kano.

A nan ne ciniki ke karo da addini. Dillali zai turo bidiyo ta WhatsApp, inji yana sheƙi da sabon fenti. Idan mai saye ya tambayi lafiyarsa, amsar kusan ɗaya ce ko'ina: "Wallahi ƙanena, yadda ya zo haka na ajiye shi, ban ko kunna shi ba. Ka saya a yadda yake." In aka matsa masa, sai ya ƙara da cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. To amma rashin sanin da mutum ya zaɓar wa kansa yana wanke shi a gaban Allah da gaban alƙali?

Littattafan da ake karantawa a zaurukan ƙasar Gwandu da Argungu sun daɗe da tattauna wannan. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta haramta wa mai sayarwa ɓoye duk abin da mai saye zai ƙi in ya ji shi, ko wanda ambatonsa zai rage farashi. Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya ƙara da cewa ba ya isa a dunƙule aibi a jimla ɗaya. Sai an fayyace shi ko an nuna shi. Wanda ya ce "yana da 'yan matsaloli" alhali ya san boris ɗin kan injin yana kuka, bai sauke nauyi ba. Asalin hukuncin sananne ne: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma nisanta kansa daga mai algus.

Fentin ma yana da babinsa. Halil ya kawo misalin wanda ya shafa wa rigar bawa tawada don a zaci marubuci ne, ya ce yaudara ta aiki daidai take da sharaɗin da aka faɗa da baki. Haka hukuncin wanda ya ƙi tatsar akuya kwana biyu don hantsarta ta cika kafin ya kai ta kasuwa. Fenti don hana tsatsa halas ne. Fentin da aka watsa a kan wurin da mai ke yoyo magana ce da aka yi ba tare da an buɗe baki ba, kuma malamai sun lissafa ta cikin ƙarya.

Duk wannan a kan wanda ya sani ne. Dillalinmu yana cewa bai sani ba, yana kuma neman a sallame shi daga duk abin da zai bayyana daga baya. Malaman fiƙihu suna kiran wannan sharaɗi bara'a, kuma sun rabu a kansa. Hanafiyya sun yarda da shi a kowace haja, suna ganin mai saye ne ya yafe haƙƙinsa da kansa. Shafi'iyya sun taƙaita shi ga ɓoyayyen aibin dabba wanda mai ita bai sani ba. Malikiyya, a mashahurin zancensu, sun fi kowa ƙuntata ƙofar. Sun tsayar da shi ga cinikin bayi na wancan zamani, suka sa masa sharuɗɗa biyu: mai sayarwa bai san aibin ba, kuma abin ya daɗe a hannunsa.

Sharaɗi na biyun shi ne abin lura. Hikimarsa ita ce wanda ya zauna da abu tsawon lokaci bai ga aibi ba, rashin saninsa yana da nauyi, domin ya sami damar gani. Wanda ya saya jiya ya sayar yau kuwa, rashin saninsa ba ya shaida komai. Dillalin da inji ya yi wata shida a sitonsa, ga wuta a unguwar, ga injiniyoyi a garin, amma ya ƙi kunnawa don kada ya ga abin da zai wajaba ya faɗa, ya juya hikimar ne a kife. Ya daɗe da hajar, sai dai ya rufe ido da gangan, ya mai da jahilcinsa jari.

Muwaɗɗa ta Imam Malik ta ruwaito shari'ar da ta nuna yadda magabata suka ɗauki kalmar "ban sani ba". Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa a kan dirhami 800 bisa sharaɗin bara'a. Mai saye ya dawo ya ce akwai cutar da ba a faɗa masa ba. Halifa Usman ɗan Affan ya hukunta cewa Ibn Umar ya rantse bai san da cutar ba lokacin ciniki. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawan, ya warke a hannunsa, daga baya ya sayar da shi dirhami 1500. Sharaɗin da aka ƙulla bai hana alƙali tambayar abin da ke cikin zuciya ba, kuma mutumin da ba a san shi da ƙarya ba ya gwammace ciniki ya warware da ya ɗora rantsuwa a kan abin da ke da ɗigon shakka.

Dillali ma yana da hujja a cikin littafi, kuma adalci ne a kawo ta. Halil ya ce aibin da ba a iya ganewa sai an lalata hajar, kamar gara a cikin katako ko ɗacin kokwamba, ba a mai da ciniki saboda shi, domin mai saye da mai sayarwa duk a duhu ɗaya suke. Tabbas akwai irin wannan a injin CNC. Wani ɗan ƙaramin abu a allon lantarki kan yi aiki yau ya ƙone gobe, babu wanda ya isa ya hango.

Amma yawancin aibin wannan inji ba irin na kokwamba ba ne, domin yana riƙe da tarihinsa. Kwamfutar Fanuc ko Siemens da ke jikinsa tana ƙirga sa'o'in da ya yi a kunne da waɗanda ya yi yana yanka, tana kuma ajiye jerin ƙararrawar matsalar da ya buga. Injiniya zai kafa agogon awo a jikin wuƙa, ya tura ta gaba ya dawo da ita, allura ta nuna masa ko dogon sukurun da ke tura ta ya side. Zai bar kan injin yana gudu rabin sa'a, ya ɗora tafin hannu ya ji zafi, ya kasa kunne ya ji ko boris yana gurnani. Sai ya sassaƙa sanda ɗaya ya auna bakinta biyu. In ɗaya ya fi ɗaya kauri, layukan da wuƙa ke zamewa a kai sun cinye ko saiti ya goce. Aikin yini ɗaya ne, babu abin da aka fasa. Aibin da yini ɗaya ke tonawa ba zai shiga sahun wanda ba a iya sani ba.

Akwai ma aibin da ajiyar kanta ke haifarwa. Lambobin saitin injin suna zaune ne a ƙwaƙwalwar da ƙaramin batir ke raya ta. In inji ya daɗe babu wuta batir ya mutu, lambobin sun tafi, ya zama tan huɗu na ƙarfe da bai san hagu da dama ba, sai an nemo kwafinsu daga tsohon mai shi ko kamfanin da ya ƙera. Dillalin da ke alfahari bai taɓa kunna shi ba, mai yiwuwa da hannunsa ya jawo wannan.

Masanin tattalin arzikin nan na Amurka George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi bayani a 1970 a kan kasuwar motoci na hannu. Ya nuna cewa idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da maras kyau, zai taya duka da farashin tsaka-tsaki, masu kaya na ƙwarai su janye, kasuwa ta rage sai tarkace. Ta wata hanya ya iso inda malamai suka tsaya: ɓoye aibi yana cutar da dillali mai gaskiya da ke maƙwabtaka kafin ma ya cuci baƙo.

Mai saye kuma ba a bar shi ya naɗe hannu ba. Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa, har Malik ya yarda da sayen dilar tufafi bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki. Amma sun hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin kayan da ke nesa su iso, kuma asararsu tana wuyan mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa. Tura miliyoyi zuwa Legas saboda bidiyon minti biyu cinikin biri a sama ne, kuma shari'a ta ba shi hanyar kauce masa, wato sharaɗin zaɓi. Halil ya sa wa'adinsa ya bi yanayin haja: kamar wata guda ga gida, kamar kwana uku ga dabba ko tufa, gwargwadon abin da zai isa a jarraba. Injin da ba a sanin halinsa sai ya sami wuta ya yanki ƙarfe, wa'adinsa ya kamata ya kai ga hakan.

Idan tirela ta sauke shi a Ambursa, nauyi ya koma kan mai shago. Wutar Najeriya mai layi uku tana kusan bolt 415, yawancin injinan Japan kuwa 200 zuwa 220 suke so, don haka sai da taransfoma a tsakani. Sai an zuba kankare mai kauri, an daidaita ƙafafun injin da ma'auni, an binne sandar ƙarfe a ƙasa an ɗaure masa waya, an tanadi janareto mai tsayayyiyar wuta, an kuma toshe wa ƙurar hunturu hanyar shiga akwatin lantarki. Wanda ya yi gaggawa ya jona kai tsaye ya ƙona allo ba shi da bakin ƙarar kowa a kan wannan. Risala ta tanadi ma halin da abu biyu suka haɗu: in sabon aibi mai ɓata haja ya faru a hannun mai saye sannan ya gano tsoho, yana da zaɓin ya riƙe a biya shi ragin tsohon, ko ya mayar ya biya ragin sabon.

A aikace, abin da zai raba gardama takarda ce da shaidu biyu, kamar yadda Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaida a ciniki. A rubuta lambar injin da shekarar ƙirarsa, sa'o'in da allo ya nuna, sakamakon agogon awo, da kowane aibi da sunansa. A rubuta wanda zai biya kuɗin wuta da injiniya ranar gwaji, da cewa kwafin lambobin saiti da littattafan injin suna cikin ciniki. Dillalin da ya yarda da haka zai iya rasa wani abu daga farashi in agogo ya nuna sidewa, amma zai sayar wa na biyu da na uku daga wannan fadamar. Wanda ya ƙi yarda a kunna injin a gaban injiniyan mai saye kuwa, gara matashin ya riƙe kuɗinsa ya tambayi sito na gaba.