Amosanin Jini: Haƙurin Mai Ciwo da Nauyin da ke Kanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai ɗan'uwan da ake rasa shi a wazifa duk lokacin da hunturu ya sauko Matameye. Ba kasala ba ce. Yana kwance, ƙasusuwa na sara kamar ana dandatsa su da muciya. Wannan shi ne amosanin jini, wato sikila, ciwon da ke bin mutum tun yana goye, ya sha kwashe samari da 'yan mata kafin su yi furfura. Namiji yakan faɗi a garkar rake in ƙishirwa da wahala suka haɗu masa, mace kuwa haɗarinta ya fi yawa in ta ɗauki ciki.

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar nan mai farfaɗiya da Manzon Allah (SAW) ya ba zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri tare da Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Mai sikila yana da rabo a wannan bushara, in sha Allahu. Amma ku lura, ita ta zaɓa wa kanta. Ba a ba iyaye damar zaɓa wa ɗan da ba a haifa ba.

Ciwon nan gado ne, ba maita ba, ba wabi ba. Idan miji da mata duk suna da jinin AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, alhali su biyun lafiya lau suke. Gwajin jini kaɗai ke nunawa, kuma a Yamai akwai cibiyar ƙasa ta wannan ciwo. Muƙaddamin da ya tambayi gwaji kafin ya ɗaura aure bai saɓa wa tawakkali ba. Sayyidina Umar ma ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji annoba.

Wanda ke fama kuwa, kada a tsangwame shi kan azumi in likita ya hana, shari'a ta yi masa rangwame. A rufe shi daga sanyi, a yawaita masa ruwa, a kwantar da shi cikin gidan sauro, zazzaɓi na taɓa shi a garzaya asibiti. Bayan zikirin Juma'a a tura mutum biyu su dubo shi, da abin sayen magani a hannu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, albarkar Annabi (SAW). Amin.